Sunan da Kawu Sanda Ya Ara Mini

Ranar Talatar da ta wuce Kawu Sanda ya cika shekara bakwai da rasuwa. Sai da na ƙidaya sau biyu kafin in rubuta, don ba na son in sake yin kuskure a kan abin da ya shafe shi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro in fara. In rubuta cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon zumunci. Sai in duba in ga duk gaskiya ne, amma ba shi ne abin da ke kaina in faɗa ba, sai in ninke takardar in ajiye. Bana na yi wa kaina alkawarin kaiwa ƙarshe, ko da rubutun bai yi kyau ba.

Ƙanin mahaifiyata ne. Umaru ne sunansa na yanka, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba sai takardun gwamnati. Malamin asibiti ne a wani ƙaramin ɗakin shan magani a Kebbe, yana da gonar dawa a bayan gari da 'yan shanu a hannun wani Bafulatani amininsa. A gidansa na tashi tun ina aji biyu na firamare, bayan rasuwar mahaifina. Ban da aikin asibiti, shi ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu. Ba muƙami ne mai albashi ko rawani ba. Idan liman ya yi tafiya, ko ciwon ƙafarsa ya motsa, ladan zai tayar da iƙama ya waiwayo ya dubi Kawu, shi kuma ya taka gaba. Shi ke nan. Amma ina jin, ko da yake bai taɓa faɗa mini ba, a duk abin da ya mallaka a duniya babu wanda ya fi ƙauna kamar wannan waiwayen na ladan.

Matasan yanzu ba za su gane abin da muke kira aron suna ba, don haka bari in yi bayani. Lokacin da aka ce kowane layin waya sai an yi masa rijista da suna da hoto da yatsa, mafi yawan mutanen ƙauyukanmu ba su da katin shaida kowane iri. Mai yin rijistar kuma yana Tambuwal. Makiyayi ba zai bar shanunsa ya yi yini guda a hanya saboda ɗan ƙaramin abu kamar farce ba, matar kulle ma haka. Kawu kuwa duk wata sai ya je Tambuwal ɗauko magani da kai rahoto, kuma yana da katin aiki. Sai mutane suka fara kawo masa layukansu a ƙulle a leda ko a bakin zane. Ya je ya zauna gaban mai rijista, ya ba da fuskarsa da yatsansa, ya dawo ya raba wa kowa nasa. Yana da wani littafi mai shuɗin bango inda yake rubuta lambar layi da sunan mai shi da ƙauyensa, don kada a manta. Ba wanda ya ga laifi a ciki. Taimako ne, kamar yadda za ka ara wa maƙwabci galma. Da na sami gurbin karatu a jami'a a Sakkwato, shi ya saya mini waya da layi, kuma da yake ni ma ba ni da kati a lokacin, sunansa ya ara mini kamar kowa.

A shekarata ta uku ɗaliban yankinmu suka buɗe wani zauren hira a waya. Da farko sanarwar aure da rasuwa da neman mota zuwa gida ake yi a ciki. Ni kuma ina yawan zama a ɗakin karatu inda ake samun intanet kyauta, sai na koyi inda ake samo sababbin finafinan Hausa, wani lokaci a makon da suka fito. Na fara turawa zauren. Ban taɓa sayarwa ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin uzuri, ko da yake yanzu ban tabbata uzuri ba ne. Abin da nake samu shi ne godiya. Ni mutum ne mai jin kunya, ba na iya magana a taro, sai ga shi mutanen da ban taɓa gani ba suna kirana oga suna sa mini albarka. Zauren ya cika ya tumbatsa, aka shigo da masu cajin waya da masu tura finafinai a kasuwanni. Abin da na tura da safe a Sakkwato, kafin la'asar ana sayar da shi a kasuwar Sanyinna. Na san haka. Ba zan ce ban sani ba.

Sammacin ya zo ne bayan na gama jarrabawar ƙarshe, ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Ranar rigakafi ce, mata sun cika barandar asibiti da jarirai a baya. Ma'aikacin kotu ya sauka daga kan mashin ya tambayi wane ne Umaru, sannan, ban san ko ƙa'idar aikinsa ce ko son a ji shi ba, ya karanta takardar da ƙarfi. Wani kamfanin dillancin finafinai ne, ba zan ambaci sunansa ba, ya shigar da ƙara guda ɗaya tak a birnin Sakkwato a kan sunaye shafi uku, yana tuhumarsu da yaɗa finafinansa ba izini. Daga baya muka ji cewa sun saka mutuminsu a cikin zauren ya kwashe lambobin masu turawa, sannan suka nemi a ba su sunayen da aka yi wa lambobin rijista. Lambata ce ta fi kowace yawan turawa. Sunan da ke kanta kuwa na Kawu ne, mutumin da wayarsa ma ba ta nuna hoto.

Kafin azahar labari ya gama gari. Abin da mutanen birni ba za su gane ba shi ne, a Kebbe ba maganar haƙƙin mallaka ce ta dami kowa ba. Da yawa ba su ma san akwai irin wannan haƙƙi ba. Abin da ya tsaya wa mutane shi ne fim, wato rawa da waƙa da 'yan mata, a wayar mutumin da ke jan su salla. Mamman Tela, taubashin Kawu, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, shi ya fara. Kawu na wucewa ta gaban shagonsa ya ɗaga kai daga keken ɗinki ya ce, “Malam Sanda mai sinima, yau wane za a haska muna?” Kawu ya yi dariya ya ce masa ya fara gyara wandon da ya ɓata masa tun sallar bara. Wasa ne irin nasu. Amma akwai yara a wurin, akwai masu jiran ɗinki, sunan kuma ya yi daɗin faɗa.

Kwana tara bayan haka liman ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Ina sahu na biyu a sallar la'asar, don haka da idona na gani. Ladan ya gama iƙama, Kawu ya riga ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya. Ladan bai waiwayo gare shi ba. Ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar Malam Haliru, wani malamin Islamiyya da ke gefen dama. Kawu ya dawo da ƙafarsa, ya daidaita ta da ta na kusa da shi, ya ɗaga hannu ya yi kabbara tare da kowa. Ba wanda ya ce masa komai, a ranar ko bayanta. Ba a yi taro an cire shi ba. An daina waiwayowa ne kawai.

Ni kuwa tun ranar sammaci na cire layin daga waya na saka shi a ambulan ɗin da takardun makarantata suke. Washegarin abin masallaci na same shi a asibiti bayan mutane sun watse, yana goge teburin allura da auduga. Na ce, “Kawu, game da takardar nan ta kotu.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ban tambaye ka ba, Nasiru.”

Na ce masa ai layin, sai ya katse ni.

“Littafin shina hannuna. Tun da anka karanta lambar na san ta wa ce. Kai dai tafi ka yi bautar ƙasarka. In sunanka ya shiga takardar kotu yanzu, wa za shi ɗauke ka aiki? Uwarka kai ɗai gare ta. Ni ko mi za su karɓe mani, allura?”

Ya yi 'yar dariya ya jefa audugar a kwando. Zan so in rubuta cewa na yi gardama, na ce ba zan yarda ba. Ban yi ba. Abin da na ji a lokacin sauƙi ne, irin wanda mutum ke ji idan an sauke masa buhu daga ka. Na yi masa godiya na fita. Wannan godiyar ta fi komai damuna har yau.

Shari'ar ta ci fiye da shekara. Duk ranar zama sai ya nemi wanda zai tsare masa asibiti, ya hau mashin ɗin kabu-kabu daga Kebbe zuwa Tambuwal, da damina wani wuri a sauka a tura, sannan ya shiga mota ta Dogon Daji zuwa birni. Sau da yawa ba a yin minti goma a ciki sai a ɗage, saboda ba a kai wa wasu sammaci ba, ko wasu ba su zo ba, ko an rubuta sunan wani sau biyu. Ya taɓa ba ni labarin abokan tuhumarsa, yana dariya. Akwai mahauci, akwai direban tirela da bai kwana a jihar ba a watan da ake magana, akwai wata tsohuwa da jikokinta ke amfani da wayarta, ta zo da ƙwaryar fura tana tsammanin rabon taki ake yi. Ba su san juna ba. A barandar kotu suka fara gaisawa.

Lauyoyin kamfanin sun buɗe ƙofa biyu. Ko mutum ya biya wani abu ya sa hannu cewa ya yi kuma ba zai ƙara ba, a cire sunansa, ko ya faɗi wanda ke riƙe da layin. Da yawa sun biya, ciki har da waɗanda na tabbata ba su san komai ba, don kuɗin mota kaɗai ya fi abin da ake nema. Ina jin a kan haka aka gina ƙarar tun farko, amma zato ne nawa, ban shiga zuciyar kowa ba. Kawu ya ƙi duka biyun. Ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai yi ba, don ƙarya ce, kuma ba zai buɗe littafinsa ba, don wanda ya kawo maka layinsa a bakin zane amana ya kawo. Bai taɓa cewa bai san mai layin ba. Cewa yake yi ba zai faɗa ba.

Wani matashin lauya ɗan Dogon Daji, Barista Lawali, shi ya tsaya masa, saboda Kawu ya taɓa jinyar mahaifiyarsa lokacin da ya yi aiki a can. Ni ba lauya ba ne, ilimin ƙasa na karanta, don haka idan na yi kuskure a nan masana su gyara mini. Yadda na fahimta, hujjarsa biyu ce. Ta farko, mutanen nan ba tare suka yi abu ɗaya ba, ba a rana ɗaya ba, ba a gari ɗaya ba, kowa da irin amsar da zai bayar, saboda haka ba daidai ba ne a ɗaure su a ƙara guda. Ta biyu, lamba ba mutum ba ce. Sunan da ke kan layi yana nuna wanda ya zauna gaban mai rijista ne, ba wanda ya danna tura ba. Alƙali ya karɓi maganar. Ya bar mutum na farko a takardar, ya sallami sauran, ya ce idan kamfanin na da magana da wani a cikinsu ya shigar da ƙararsa daban, ya zo da shaidar cewa shi ɗin ne da hannunsa. Kamfanin bai dawo ba. Na karanta daga baya cewa a wasu ƙasashe ma kotuna sun taka wa irin wannan ƙarar ta jimla burki, da hujjoji masu kama da waɗannan. Ban san zurfin abin ba, don haka ba zan ƙara a kai ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina can kudu ina bautar ƙasa na ji labari, na yi sujada. Abin da ban lura ba shi ne alƙali bai ce Kawu bai yi ba. Cewa ya yi ba a kawo ƙarar yadda ya kamata ba. Mutanen Kebbe kuma sun fi ni lura. Aka ce dabarar lauya ce, ya san mutane a birni. Malam Haliru ya ci gaba da shiga gaba. Yara suka ci gaba da cewa a je wurin mai sinima a yi allura, wasunsu ba su ma san asalin sunan ba.

Da na dawo na same shi a gona bayan girbi yana ɗaure kara. Na yi masa barka da fita, har na ce Allah ya kunyata azzalumai. Ya tsaya da igiya a hannu ya dube ni, irin duban da yake yi wa uwar da ta ce ta ba yaro magani alhali kwalbar a cike take.

Ya ce, “Su wa ne azzaluman? Hanyar da sunka biyo ba ta da kyau, awo. Amma mutanen nan sun yi wahala sun yi abinsu, wani ya ɗauka ya raba ba su ce ba. Kotu ni ta sallama. Haƙƙinsu shina nan inda shike.”

Ya ci gaba da ɗaurinsa, sai da ya gama dami guda sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ran da ƙafarka ta tsaya, kai da bakinka za ka faɗa. Ban sa maka rana ba.”

Da ma ya sa mini. Na sami aikin koyarwa a wata sakandare a Tambuwal, na ce bari a tabbatar da ni tukuna. Aka tabbatar da ni, na ce bari a gama maganar aurena, kada dangin yarinya su ji. Ana saura wata biyu biki ya kwanta, kwana shida, zazzaɓi ne da ya ƙi jin maganin da shi kansa ya ba ɗaruruwan mutane suka tashi. A wurin jana'iza wani baƙo da ya tarar da taro ya tambayi na kusa da ni wa ya rasu. Aka ce Malam Sanda. Ya ce wane Sandan? Aka ce mai sinima. Ina tsaye, hannuna da ƙasar kabarinsa. Ko a nan ban buɗe baki ba. Na gaya wa kaina ba wurin maganar ba ne, kuma wataƙila ba wurinta ba ne, amma na lura duk inda na tsaya a shekarun nan sai in ga ba wurinta ba ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Aron suna ya kusa zama tarihi, tunda yanzu kowane layi sai an haɗa shi da lambar shaidar mai shi. Ina jin zai ce hakan ya fi, kowa ya ɗauki kayansa, sannan ya damu da tsofaffin rugage da aka toshe wa layi ba su san dalili ba, ya fara neman yadda zai kai su Tambuwal a bayan mashin. Finafinan da na yi ta ɓoyon turawa, yanzu masu su da kansu ke saka da yawansu a intanet kowa ya kalla. Masu turawa a kasuwa suna nan, sun ma ƙaru. Ɗalibaina kuwa komai ya faɗo wayarsu sai su tura, waƙa, karatun malamai, littafin da wata ta yi shekara tana rubutawa, ba tare da sun tsaya sun ga sunan wa ke kai ba. Idan na yi musu magana sai su ce ai kowa na yi, Malam. Ba na iya tsawatawa sosai. Na san muryar, tawa ce.

Hukuncin kansa na daɗe ina juya shi. Ina ganin daidai ne, kuma da za a sake kawo irin wannan ƙarar zan so a sake yanke shi haka. Idan aka bar mai ƙarfi ya tara sunaye shafi uku ya jefa a kotu da kuɗin ƙara guda, tsohuwa mai fura da direban tirela su za su biya, don su ne ba su da ƙarfin zirga-zirga. Amma ba zan ɓoye ba, hukuncin da ya kare su ni ma ya rufe ni, ni da na yi. Na daɗe ina jin kamar wannan aibi ne a jikin hukuncin. Yanzu ina ganin ba haka ba ne. Kotu ta ce ne a nemo wanda ya yi da hannunsa. Ba ta ce babu shi ba. Ni na san inda yake.

Ranar Larabar makon jiya na je Kebbe na sami Inna Hajo, matar Kawu, tana tsince wake a tsakar gida. Na zauna na faɗa mata komai, ina tsammanin kuka ko faɗa. Ta bari na gama, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafin nan mai shuɗin bango, ta buɗe shafin ba tare da ta nema ba, alamar ta sha buɗe shi. Ga lambar, ga rubutunsa a gefe: Nasiru, ɗana, jami'a. Ta ce ta sani tun daren farko, kuma ya hana ta magana, har ya sa ta yi masa alkawari. Ta ce tun rasuwarsa, shekara bakwai ke nan, tana dafa mini abinci duk zuwan da na yi tana jira. Sannan ta koma kan wakenta ta ce, “Ba ni za ka gaya ma ba, ɗan nan. Ba a ɗakina anka ƙi waiwayo shi ba.”

Na kwana biyu ina neman dalilin komawa Tambuwal. Ranar Juma'a bayan la'asar, a masallacin unguwa, da aka yi sallama na miƙe kafin ƙafafuna su canza shawara. Tsohon liman ya rasu, Malam Haliru ne liman yanzu. Na nemi izini ya ba ni. Ban iya tsara maganar ba, na maimaita wasu wurare, wani yaro ma ya yi dariya aka harare shi. Amma na faɗa. Na ce layin nawa ne, ni na tura finafinan, Kawu bai taɓa kallon ko ɗaya ba, ya sani tun ranar farko ya yi shiru saboda ni, ni kuma na yi shiru saboda kaina.

Rabin mutanen da ke sahu a waccan la'asar sun riga sun bi Kawu lahira. Malam Haliru ya daɗe yana kallon tabarma. Da ya ɗago bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, “Kai ba ka faɗa ba, mu kuma ba mu tambaye shi ba. Ko sau guda.” Ya ɗaga hannu ya yi wa Kawu addu'a, ya kira shi na'ibinmu Malam Umaru, muryarsa ta karye a tsakiya, ladan ya ƙarasa.

A bakin ƙofa na tarar da Mamman Tela yana laluben takalminsa da sanda, don idonsa ya yi rauni, ya daina ɗinki. Na durƙusa na tura masa su. Ya riƙe kafaɗata ya saka ƙafa ɗaya, ya ce shi ya raɗa sunan nan, wasa yake yi, kuma da ya ga ya kama ya so ya janye amma bai san ta inda ake janye suna ba. Ya saka ɗaya ƙafar. Ya ƙura mini ido kamar yana auna ni da tef.

Ya ce, “To ashe kai ne mai sinima.”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “To riƙe abinka. Ka bar shi ya kwanta da nashi.”

Ban san iyakar abin da wannan ya gyara ba. Bai dawo masa da la'asar ko ɗaya daga cikin waɗanda ya yi a sahu ba. Kamfanin da ya kai ƙarar na nemi labarinsa an ce ya daɗe da rufewa, kuma ban san yadda ake mayar da abin da aka riga aka raba wa mutanen da ba a san adadinsu ba. Ga waɗanda suka yi waɗancan finafinai, masu rubutawa da masu ɗauka da masu fitowa, idan wannan shafi ya iso gare ku, ni ne, kuma ina neman ku yafe. Idan akwai wata hanya bayan neman yafiya, ku gaya mini, zan bi.

Abin da ya rage na Kawu ba shi da yawa idan a ido ne. An raba gonar, an sayar da shanun, wani ne ke goge teburin allura. Littafin yana wurin Inna Hajo, cike da sunayen mutanen da ya ba fuskarsa da yatsansa, kuma har ya mutu ba wanda ya ji sunan ɗayansu daga bakinsa. Ni ma ina ciki, a shafi na huɗu. Shekaranjiya a tashar Tambuwal wani ɗan kabu-kabu ɗan unguwarmu ya hango ni ya ɗaga murya ya ce, mai sinima, Kebbe za ka? Mutane suka juyo. Na ji kunya har cikin ƙashina, na ɗaga masa hannu na amsa.

Allah ya haskaka kabarin Malam Umaru, na'ibin masallacin unguwarmu, ya sa shi a sahun gaba.